Gurbin Tubalin Ɗan Azumi

Shekara talatin Ɗan Azumi yana gini a Mayahi, bai taɓa gama ko ɗaki guda ba. Ba ƙyuya ba ce, don bangonsa a miƙe yake kamar sanda. Sai dai in aiki ya zo ƙarshe, sai ya bar gurbin tubali ɗaya can sama a kusurwa, ya wanke cokalin gininsa ya yi gaba. Mai gida ya nemo wani ya toshe. In ka tambaye shi ya ce maka, "Aiki na tahiya."

Dalilinsa kowa ya sani, kowa kuma dariya yake yi. Da ubansa ya gama wa uwarsa ɗaki, kwana uku ta yi a ciki ta rasu. Tun daga nan Ɗan Azumi ya yanke wa kansa fatawar da ba limamin da ya taɓa jin ta, wai mutuwa ba ta shiga ɗakin da ake cikin aikinsa.

'Yarsa Nabila da ke kwaleji ta ce Ingilishi na da kalmar irin wannan, ongoing, abin da ba a gama ba, ba a kuma bari ba. Daɗi ya kashe shi, ashe har Turawa sun san da zamansa. Ya sa ta rubuta da gawayi a bangon ɗakin matarsa Ramatu, ƙarƙashin gurbin da ya bari tun tana amarya.

Ramatu kuwa kalmar ba ta tsare mata komai ba. Ta gurbin nan ruwa ke zuba kan gadonta kowace damina, ta nan ƙadangaru ke kawo mata ziyara ba sallama. Bana, ran kasuwa, yana fita ta kwaɓa laka, ta kifa turmi ta hau, ta toshe.

Ya dawo ya gani. Ya daina zuwa aiki. In ta yi tari ya zabura, in ta nufi rijiya ya bi ta da guga. Tsoro yake ji, na gaske, da furfurarsa da komai.

A rana ta uku da hantsi ta dawo daga maƙwabta, ta iske shi kan turmi yana ƙwaƙule lakar.

"Malam, mi kake yi haka?"

Bai juyo ba. "Ki bar ni in buɗe. Ruwa dai, in ya jiƙa ki, kina bushewa."

Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Sannan ta matso ta riƙe masa turmin kada ya faɗi.