Bindigar Surukina

Sana'ata gyaran injin ban ruwa ce, a wata rumfa kan hanyar da ke gangarawa gada. Ina da injin sassaƙar ƙarfe, shi ya sa mutane ke ɗauka babu ƙarfen da ya fi ƙarfina. Surukina ma haka ya ɗauka.

Wata Laraba da hantsi ya iso da abu naɗe cikin buhu. Na durƙusa na gaishe shi, ya kwance buhun. Tsohuwar bindigarsa ce mai cin harsashi ɗaya, wadda ake karyawa a tsakiya a ɗura. Da ita yake korar aladun daji daga gonarsa ta rogo wajen ƙauyen Bana, yana kuma da takardar izininta. Harsashinta ya daina samuwa. Wanda ya samo ya fi tsawo, ya ƙi shiga.

"Ka ƙara mata zurfi kaɗan," in ji shi. "Ɗan yatsa ma bai kai ba."

Na ɗaga bututun na leƙa ta wajen haske. Tsatsa ta ci cikinsa. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri. Ba tsawo kaɗai ba ne. Wannan harsashin ya fi ƙarfi, kuma wurin da za a sassaƙe shi ne ke riƙe wutar, dab da fuskarku."

Ya dube ni ya daɗe. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa ce masa a'a ba.

"Ba ka iya ba ne, ko ba ka so?"

Na sunkuyar da kai. Ya naɗe abarsa ya tafi, bai amsa sallamata ba.

Bayan kwana tara matata ta dawo daga gidansu a firgice. Wani mai walda ya yi masa aikin, gobe da safe zai tafi gona da bindigar. Washegari na riga shi isa gonar a babur. Da ya zo na roƙe shi abu ɗaya: harbin farko kada ya kasance a kafaɗarsa. Ya ce na raina shi. Na tsaya a gabansa ban kauce ba. Can ya miƙo min ita ba tare da ya kalle ni ba.

Na ɗura mata harsashi, na ɗaure ta a kututturen giginya, bakinta yana kallon tudun ƙasa, na ƙulla doguwar igiya a kunamarta. Muka koma bayan wani suri. Na ja.

Ƙarar ta tashi tsuntsaye har bakin fadama. Hayaƙi ya washe, bindiga tana nan lafiya lau. Ya yi dariya, ya nufe ta yana lalubo harsashi na biyu a aljihu.

"To, malamin ƙarfe, ka gani?"

Na ce, "Baba, ku bari in buɗe ta tukuna."

Ta ƙi karyuwa sai da na danna ta a gwiwa. Kwanson harsashin ya kumbura ya maƙale, da ƙyar na zaro shi da filaya. Na bi bayan bututun da farce a hankali. Farcen ya tsaya. Wata tsaga ce siririya kamar gashi, baƙar toka tana fitowa ta cikinta. Na kama yatsansa na ɗora a wurin, abin da ban taɓa tunanin zan yi ba.

Ya shafa sau biyu. Harsashi na biyu yana hannunsa na hagu, na kasa ɗauke idona daga kansa. Ya juya shi, ya sake juya shi, sannan ya mayar aljihu.

"Je ka da ita," ya ce.

Na yanka bututun gida uku a rumfata. Ya yi wata guda yana amsa gaisuwata da ka kawai. Aladu sun ci rabin rogon shekarar. Da damina ta kusa ya aiko matata ta tambaye ni ko zan iya ƙera masa turakun shingen waya, na ƙera guda sittin na kai masa da kaina.