Baba Hannu

Kakanmu na wajen uwa mai ɗinkin littattafai ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran agogo da mai aski, kullum yana warin gam da tsohuwar takarda. A ciki akwai teburi, da zare da allurai, da injin datsa takarda mai doguwar wuƙa, wanda ya gada wurin mahaifinsa.

Ƙa'idar aikin ita ce, mutum biyu ke datsa: ɗaya ya daidaita shafuka a ƙarƙashin wuƙar, mai riƙe da mariƙin ya ce, "Hannu!" Ba zai danna ba sai an amsa masa, "Na cire." Kaka shi kaɗai yake aiki, amma bai taɓa sauke wuƙar nan ba sai ya ɗaga murya ya ce, "Hannu!" ya tsaya yana sauraro. Shi ya sa unguwa ta sa masa Baba Hannu.

"Da aljanu kake aiki ne, tsoho?" mai aski kan leƙo ya ce. "Ka ce su zo in yi masu aski."

Kaka sai ya yi murmushi, ya ci gaba.

'Yan gida kawai suka san dalili. Suna samari, shi da ƙanensa Auta suke datsa. Wata rana sun yi cacar baki, ransa a ɓace, ya danna bai kira ba. Yatsu biyu na hannun daman Auta suka tafi. Da mahaifinsu ya tambaya, Kaka ya ce ya kira, Auta ne bai ji ba. Auta bai ƙaryata shi ba. Da hannun ya warke ya tattara ya koma wani gari, ya zama mai gadin makaranta. A biki ko zaman makoki sukan gaisa sama-sama, kowa ya kama gabansa.

Cikin abin da ake kawo masa, Kaka ya fi son tsofaffin littattafan labaran masu tuba: wanda ya yi ɓarna ya shiga duniya yana kuka, wanda ya yi azumi har ya rame. Sai ya karance su kafin ya ɗinke. Abin da ke cin ransa, tsohon littafi daga ƙarshe yake fara mutuwa. Sau da yawa yakan bi mutum har bakin gafara, ya juya shafi, ya tarar babu. Akwai irinsa ɗaya na mahaifinsu da suka karanta suna yara, labarin wani da ya zalunci ɗan'uwansa. Ƙarshensa ya daɗe da zubewa, Kaka kuwa ya kasa tuna ko an yafe wa mutumin.

Ya yi istigfari, ya yi nafila, yana gyara wa marayu littattafan makaranta kyauta. Kakarmu dai ba ta raga masa.

"Malam, Allah Mai gafara ne, amma haƙƙin ɗan Adam sai mai shi. Mota ɗaya ce fa tsakaninku."

"Da wane ido zan dube shi?"

"Da wannan da ya rage maka, kafin shi ma ya tafi."

Idon kuwa ya tafi. Yanar ido ta rufe shi har ba ya iya ganin bakin takarda, ya yanke shawarar rufe shagon. Aikinsa na ƙarshe littafin mahaifinsu ne: ya ƙara masa fararen shafuka a baya, saura datsa. Bai san kakarmu ta aika wa Auta ba.

Da hantsi aka yi sallama a ƙofa. Muryar ta tsufa, amma ya gane ta. Ya dafa teburi, yana neman fuskar saurayin nan, sai farin gemu kawai yake gani dishi-dishi.

"Auta," ya ce, "ranar nan ban kira ba."

"Na sani, Yaya. Ai ina wurin."

"Ka yafe mini."

"Tun hannun bai warke ba na yafe. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ni zuwanka kawai na yi ta jira. Duk motar da ta tsaya a ƙofar makaranta sai na leƙa."

Kaka ya share ido da bakin riga. Can ya lalubo littafin ya miƙa masa. "Ka tuna yadda ya ƙare?"

Auta ya jujjuya shi, ya yi dariya a hankali. "Na manta, Yaya. Mun tsufa. Kai, wannan datsar a karkace za ta fita, makaho da wuƙa! Matsa."

Ya zura hannun nan mai yatsu uku ƙarƙashin wuƙar, ya daidaita shafukan tsaf, kamar jiya ya bari. Kaka ya kama mariƙin.

"Hannu," ya ce.

"Na cire."