Yadda Dillalan Shanu Suka Yi Jinyar Tarakta

A shekarar da soja suka koma bariki aka kawo taraktar nan kararmu ta shanu a Agege. Sabon kansila ne ya bayar, wai tukuicin ƙuri'a. 'Yar ƙarama ce, tokumbo, wato ta hannu daga ƙasar waje, da hannuwa biyu a gaba riƙe da faffaɗan bokitin ƙarfe na kwasar kashin shanu a juye a tifa. Ranar da aka sauke ta dillalai suka yi mata zobe, wannan ya daki taya, wancan ya shafa gefe, har da mai leƙa ƙarƙashi yana gyaɗa kai. Ni ina bakin ƙofa ina tuyar ƙosai, na ce a raina saura su buɗe bakinta su ƙirga haƙora.

Maigidana aka ba tuƙi, don ya taɓa tuƙa irinta a gonar wani attajiri can Arewa kafin ya zo Legas. Shekara da shekaru yana kwasar kashin nan da shebur da baro, har bayansa ya lalace. In ya sunkuya, sai ya dafa gwiwa ya yi ta nishi kafin ya miƙe. Kujerar taraktar nan ita ce rufin asirinmu. In ya sauka daga kanta babu wani aikin da bayan nan zai iya ɗauka, ni kuwa na fi kowa sani, ni ke gasa masa shi da ruwan zafi.

An yi 'yan watanni lafiya, sai ta fara hali. Da safe ka ganta garau, ta cika bokiti ta ɗaga sama ba gardama. Da rana ta ɗago, inji ya yi zafi, sai wani kuka ya taso daga cikinta, siriri mai shiga haƙori. Hannuwan su kama rawa, su ɗaga su tsaya, su ɗaga su tsaya, daga nan su ƙi wuce tsayin ƙugu. Maigidana ya buɗe wurin man da ke ɗaga hannuwan, wanda makanikai ke ce wa haidirolik, ya tarar da shi ya yi kumfa. Inda ta kwana kuma ƙasa ta yi baƙi da ɗigon mai. Shi ba bakanike ba ne, bai san me ya kawo haka ba. Abin da ya gani dai ya kwashe duka ya gaya wa shugaban kara, aka ce za a kira mai gyara.

To, sai ku san mutanen nan. Dillalin shanu ba ya faɗin aibin dabba a gaban baƙo, ko za a yanka shi. Da haka aka yaye su. In sa yana ɗingishi, a ɗaure shi a inuwa tun jiya ya huta. In yana zawo, a wanke masa bindi da asuba. In ciki ya faɗa, a ba shi kanwa ya yi ta ɗibar ruwa har ya cika ido. Ban ce komai ba, sana'arsu ce, da ita suke ci, ni ma da kuɗinta suke sayen ƙosaina. Amma wai a ce tsofaffi da furfura ba su san bambancin mai saye da mai magani ba!

Ana jibi bakanike zai zo, shugaba ya ce kada a ƙara tayar da ita. Aka tura ta ƙarƙashin rumfa ta huta. Aka wanke ta da sabulu har ƙarƙashi. Aka sayo mai aka cika ta dam. Wani dillali, wanda ya fi kowa iya gyaran saniyar da za a kai kasuwa, ya kwanta a ƙasa da babbar rigarsa, ya gano tiyon da ke jiƙe, ya naɗe shi da robar tsohuwar taya, ya shafe da baƙin mai don kada a ga sabon ɗauri. Aka watsa yashi a kan tabon ƙasa aka share. Wallahi ina kallo, har ƙosai ya ƙone mini a kasko.

Bakaniken Bayarabe ne, dattijo, ya zo a okada, wato acaɓa, da akwatinsa. Ni haifaffiyar Agege ce, Yarbanci ba ya wuce ni, don haka na ji komai. Ya gaishe su, ya ce, "Oga, me ke damunta?"

Shugaba ya gyara hula ya ce, "Damu? Babu abin da ke damunta. Lafiyarta ƙalau. Dubawa dai muke so a yi."

Sauran suka amsa, ƙwarai kuwa, ai ƙarfinta ya fi na tifa. Maigidana yana tsaye a gefe kansa a ƙasa, don an riga an ja masa kunne kada ya sa baki manya na magana. Mutumin ya tayar da ita da sanyin safe, ya ɗaga bokiti ba komai a ciki, ya sauke, ya sake ɗagawa. Ya duba mai, ga shi a cike. Ya leƙa ƙasa, tas. Ya canza matacin mai don kada a ce ya zo a banza, ya hau okadarsa. Dillalai suka bi shi da kallo suna murmushi, wai sun yi dabara bai gano komai ba, balle ya tsuga musu kuɗi ko ya je ya yaɗa a gari cewa taraktar kara ba ta da lafiya.

Washegari kafin azahar ta koma kukanta. Aka kira wani bakaniken daga Ojo, aka sake yi mata wankan amarya, shi ma ya tafi bai ga komai ba. Sai magana ta juya. Masana biyu sun duba sun ce lafiya, ke nan laifin na mai tuƙi ne. Wasu suka ce hannunsa ne da nauyi. Wasu suka ce ai dama ɗan shebur ne, ina shi ina libar tarakta. A gaban kaskona ake faɗi, ana tauna ƙosaina. Kashi kuwa ya taru a kara har shanu na nitsewa, fatake suka fara ƙorafi.

Ran nan da yamma ina gasa wa maigidana baya na ce masa, "Malam, kai za ka zuba ido su ɗora maka? Ka buɗe baki mana!"

Ya ce, "Ke ba ki san mutanen nan ba."

Na ce, "Na san su tun ina tallan goro. In ka yi shiru za su kore ka, su ce ba ka iya ba."

Ya juya mini baya na ci gaba da gashi.

Aka sake kiran dattijon farko, wannan karon don ya gwada tuƙin maigidana ya faɗi gaskiya. An yi wa taraktar hutu da wanka kamar kullum. Mutumin ya tambaya, shugaba ya fara karatunsa na lafiya ƙalau. Sai na ji muryar maigidana.

"Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri. Baba, ba ta da lafiya. Sai ta yi zafi take yi. Man yana kumfa, tana zubarwa ta ƙasa, an ɗaure wurin da roba."

Dattijon ya dubi shugaba, ya dubi sauran, ya tafa hannu ya ce da Yarbanci, Allah ya shirye ku. Ya sa maigidana ya hau ya yi ta kwasar kashi bokiti cike, shi yana zaune a bencina yana cin ƙosai. Da rana ta yi, kukan ya taso. Ya tashi ya buɗe mai ya ga kumfa, ya kwanta ya yanke robar. Tiyon da ke kai mai cikin famfo ne ya tsage. In ya yi zafi sai ya saki, famfo ya riƙa zuƙar iska tare da mai, iska kuwa ba ta ɗaga kaya. Ya je ya yanko sabon tiyo, ya juye tsohon man, ya zuba sabo, ya sa aka yi ta ɗagawa ana saukewa har iskar ta fita. Kafin la'asar tarakta na cika tifa kamar ranar da aka kawo ta. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, har guɗa na kusa yi.

Bayan sallar la'asar aka kira shi rumfar shugaba. Ban je ba, mace ba ta zuwa, amma rumfar ba ta da bango. Ba wanda ya ce masa sannu. Shugaba ya ce shi tun da yake ba a taɓa ƙaryata shi a gaban baƙo ba sai yau. Mai naɗa robar ya ce wanda ya tona aibin tarakta yau, gobe aibin saniya zai tona, irin wannan ba a zama da shi a kara. Aka yi ta haka ne, haka ne. Maigidana ya durƙusa da wannan bayan nasa ya ce a yafe masa. Shugaba ya ce ai an yafe, Musulmi ba ya riƙo, amma ya ajiye makulli. Aka ba wani ɗan'uwan matar shugaba, wanda bai taɓa tuƙa abin da ya wuce okada ba. Da yake an gyara ta, ko jaki aka ɗora zai iya.

Na so in je in zazzage musu abin da ke cikina. Na tashi har na ɗaura gyale, sai na tuna su ne masu sayen ƙosan, ga yara. Na koma na zauna. Takaicin zaman nan har yau bai bar ni ba. Na ci gaba da zuba musu a takarda, ina cewa a ƙara yaji, Alhaji? Suna cewa Allah ya yi albarka.

Maigidana ya zaga neman gadi, ko'ina an cika da mutanen Nijar da samarin cin rani. Daga ƙarshe wani ɗan garinsu ya kai shi kasuwar Idumota dako, a ɗora masa dila a ka ya kai bakin motar danfo. Na roƙe shi kada ya je, ya ce to me za a ci.

Ranar farko ya dawo gab da magariba. Tun daga bakin lungu na hango shi yana tafiya yana dafa bango. Ya zauna a dokin ƙofa, na ajiye masa buta, ya miƙa hannu ya kasa sunkuyawa ya ɗauka. Na durƙusa ina zuba masa ruwan yana alwala. Da ya wanke fuska sai ya ɗago ya dube ni.

"Yau ta yi kukan nan da rana?"

Na ce, "Ba ta yi ba."

"Tana kaiwa har saman tifa?"

Na ce, "Tana kaiwa."

Ya ce, "To, alhamdulillahi." Ya miƙo mini ƙafarsa in wanke masa, don hannunsa ba ya kaiwa.