Yadda Na Koya Wa Ƙafata Tafiya a Bakin Tafkin Ha'ir

Shekarun baya, lokacin ina tuƙa motar ɗaukar kaya a Riyad, ƙafata ta hagu ta karye a wani sito da ke unguwar Sulay. Ana sauke tayil ne, tarin kwalaye ya zame ya sauko mini a ƙwauri. Ban ji zafi nan take ba, abin da na fara tambaya ma shi ne ina takalmina. Aka yi mini aiki a asibiti, aka sa ƙarfe, na yi wata da watanni kwance a ɗakinmu na ma'aikata ina kallon silin.

Ranar da aka kwance ɗaurin na ga ƙafar, ni kaina sai da na tausaya mata. Ta rame kamar ta kaza, gwiwar kuma ta ƙi lanƙwasuwa. Duk wanda ya taɓa tuƙa babbar mota ya san ƙafar hagu ita ce ta taka kuloci, cunkoson Riyad kuwa ba ya barin ta ta huta. Kafilina, wato Balaraben da takardar izinin zamana ke ƙarƙashinsa, ya zo duba ni da ledar lemo. Mutumin kirki ne, amma motarsa na tsaye a banza. Ya ce zai jira ni har sanyi ya wuce. In na iya tuƙi, aikina na nan. In ban iya ba, zai buga mini bizar fita in koma gida.

Da na gaya wa mahaifiyata a waya, ba ta ja zancen ba.

"Ka dawo mana," in ji ta. "Ƙafa ai ta fi riyal."

Na ce, "Inna, ki yi mini haƙuri zuwa ƙarshen sanyi."

Ina da mata da yara a gida, ga ginina ya tsaya a linta. Ban ga yadda zan sauko daga jirgi da sanda in ce musu shi ke nan ba.

Likita ya ce maganina tafiya. To amma a Sulay ina mutum zai yi tafiya? Daga tirela sai ƙura sai gareji. Abokina ne ya samo dabara. Makanike ne, Bakano, yana zaune a Ulaisha, yana da wata tsohuwar mota da shi kaɗai ya san yadda ake lallaɓa ta. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya zo ya ce in shirya zai kai ni tafki.

Na ce, "Tafki a Riyad? Mutumina, ƙafa ce ta karye, ba kai ba."

Ya ce, "Shiga mota dai, gani ya kori ji."

Muka miƙe kudu har Ha'ir. Sai ga ruwa shimfiɗe a cikin kwari, dogayen ciyayi sun kewaye shi, itatuwa sun yi duhu a gefe, har da balbelu. An fitar da hanyar ƙafa tana bin bakin ruwan. Larabawa sun shimfiɗa dardumai da iyalansu suna gashin nama. Na daɗe tsaye ina shaƙar ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wanda rabona da shi tun damunar da na baro gida.

Tafiyar ranar farko abin kunya ce. Da sandata da komai, ban kai bishiya ta uku ba gumi ya wanke ni. Wata tsohuwa mai abaya ta zo ta wuce ni riƙe da fulas, ko haki ba ta yi. Na zauna a kan dutse ina mayar da numfashi. Daga nan ne na hango, can nesa a kan tudu, kufan wani ƙauye na ginin ƙasa, da wani abu zagayayye kamar rumbu wanda bakinsa ya yi baƙi. Na tambayi abokina mene ne, ya ce shi ma bai sani ba.

Na ce, "Kafin sanyi ya fita, zan je in gani da ƙafata."

Ya dubi bishiyar da na kasa kaiwa, ya dube ni, ya ce, "Allah ya sa."

Amma bai tsaya a addu'a ba. Cikin satin ya kawo mini tsohon fedar kuloci daga garejinsu, ya ɗaure shi a jikin katako da sifirin. Kullum ina zaune a bakin gado ina takawa ina saki har hawaye su zo. Abokan ɗakina, wani ɗan Sudan da wani ɗan Bangaladash, in sun dawo aiki sai su zauna a bayana su ce, "Direba, yau ina muka nufa?" Ni kuma in ce musu su biya kuɗin mota tukuna.

Kowace Juma'a muna tafkin. Wani satin in ƙara nisa, wani satin in koma baya. Akwai ranar da sandar ta zame a laka na faɗi warwas, ƙarfen ya amsa har cikin kaina. Abokina ya ɗago ni ya ce, "Mu haƙura haka nan. Ko ka koma gida ai ba mutuwa ka yi ba." Na wanke laka a bakin ruwa, na ɗauki sandata, na ƙarasa inda na yi niyya a ranar.

Da iska ta fara ɗumi, kafilina ya bugo ya ce sati mai zuwa zai gwada ni. Juma'ar nan na bar sandar a cikin mota. Muka bi bakin ruwa har inda hanyar ta rabu da inuwa ta fara hawa tudu mai tsakuwa. A tsakiyar hawan gwiwar ta kumbura, kowane taku kamar ana soka mini ƙusa.

Abokina ya ce, "Tsaya nan in zagayo da mota."

Na ce, "In ka kawo ta, kai kaɗai za ka shiga."

Ya yi tsaki, ya ci gaba da bi na a baya da hannuwa a buɗe kamar mai koya wa yaro tafiya.

Wajen la'asar muka isa. Gidajen duk sun zube, sai bangaye. Kusa da zagayayyen ginin nan wani dattijo Balarabe na zaune a kan tabarma da butar gahawa. Muka yi sallama, ya ce mu zauna, ya zuba mana, ya turo dabino. Na tambaye shi da gurgun Larabcina ko wannan rumbu ne. Ya yi dariya ya ce matoya ce. A da mutanen ƙauyen kan fasa farin dutse daga tudun, su jera a ciki, su hura wuta har dutsen ya yi laushi, sannan a daka shi ya zama farin gari na shafen bango. Jakuna ke kai shi cikin gari. Wannan ta mahaifinsa ce, shi ma ya yi ta zuba mata itace yana saurayi. Da siminti ya zo, sana'ar ta mutu, mutane suka watse. Shi dai yakan zo lokaci-lokaci ya zauna.

Na leƙa ciki na shafa bangon, hannuna ya fito da baƙi. Ya tambaye ni me ya sami ƙafata. Na naɗe wando na nuna masa ɗinkin. Shi ma ya janye hannun rigarsa ya nuna mini tabon ƙuna tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Muka dubi juna muka fashe da dariya, ban ma san me ya ba mu dariyar ba.

Da za mu tashi ya nuna motarsa ya ce zai sauke mu. Na ce, "Baba, na gode, amma da ƙafa na zo, da ita zan koma."

Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, dutsen nan da wuta yake laushi. Kai ban san da me ba."

Gangarowa ta fi hawa wuya. Muna isa mota ana kiran magariba. Abokina ya zube a kujera ya ce, "Kai ne mai ƙarfe a ƙafa, amma wallahi ni ne na jigata."

Ranar gwaji kafilina ya zauna a gefena, mota cike da kaya. Cunkoso ya tsayar da mu a kan hawan gada, ƙafar ta yi ta karkarwa a kan kuloci, amma motar ba ta koma baya ba. Da muka dawo sito ya sauka ya kama hanya. Sai da ya yi nisa ya waiwayo ya ce, "Gobe bayan asuba."

Na ƙara shekaru a aikin kafin in dawo gida don kaina. Kafin in taho na sake komawa kufan nan, ban tarar da dattijon ba, kuma ban taɓa tambayar sunansa ba. Idan na tuna lokacin, ba jarumta nake gani ba. Tsoro ne ya cika ni, sai dai na samu wurin da ido ke hangowa na ce can zan je, Allah kuma ya haɗa ni da wanda zai bi ni a baya.

Har yau ina ɗan ɗingishi, in hadari ya haɗo ƙarfen kan riga kowa sani. Yarana kuwa tun ina zaure suke gane takuna, kafin in yi sallama sun fito da gudu.