Yaya Zaleha, Wa Zai Duba Wuyan Hazwan?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Yaya Zaleha binti Mokhtar, mai ɗinka wa direbobin tseren mota kaya a filin tsere na Sepang.

Yaya, na san ki ne ta dalilin ɗana Hazwan, direban tsere. Ranar da aka ciro shi daga mota a sume saboda zafi, ke kika buɗe masa riga, kika cusa masa ƙanƙara a hammata. Daga nan ya tsani rigar ciki mai hana ƙuna. Wai tana dafa shi. Yakan cire ta a ɓoye, ya zuge rigar sama har wuya don kada a gane.

Ke kaɗai kike kama shi. Sai ki zura yatsa a wuyansa ki ce, "Kai, ɗan nema, ina ta cikin?"

"Inna, zafi fa! Shinkafa ma sai ta nuna a motar nan."

"Gara ka nuna da ka ƙone. Wuce ka sa."

Ba faɗa kawai kika yi ba. Kin nemo masa yadi mara nauyi wanda wuta ba ta ci, kin ɗinka masa sabuwa, kin saki hammatar, kina ajiye rigar cikin akwatin ƙanƙara tare da ruwan kwakwa har a kira direbobi.

Na girma kafin in koyi karatu. Da na iya haɗa baƙi, na karanta sunansa da kika ɗinka a ƙugun rigar, na tambaye ki harafin da ke gefe. Kika ce rukunin jininsa ne, don likita idan ya yi hatsari. Da kika ga fuskata, kika ja kujera kusa da ni. Tun daga ranar ban ƙara kallon tsere ni kaɗai ba.

Lahadin nan yana da tsere, rana kuma ta yi tsanani. Jiya na kira shi na tambaya. Ya ce, "Zan sa, Mama, ki daina damuwa." Ban san ko gaskiya ya faɗa ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya sanyaya makwancinki. Ya ba mijinki Malam Rosdi da 'yarki Suraya haƙurin rashinki. Allah ya tsare mana yaran da kika bari cikin motocin nan. Amin.

Rohaya, mahaifiyar Hazwan