Malam Bappayo da Kwamfutar Lungu

Ranar Talata, 7 ga Maris, 2023, Allah ya yi wa Malam Bappayo rasuwa a Jimeta bayan gajeriyar jinya. Shi ne yake koya mana rubuta manhaja da yaren Python a wani ɗaki a unguwar Dubeli, mu yaran da rikici ya koro daga Michika da Madagali.

Malam, ni ce Liyatu, mai zama a lungu. Ka san ba na iya magana cikin mutane, shi ya sa na rubuta.

A da, idan aikina ya ƙi tashi, ba na ɗaga hannu. Sai in goge duka in sake daga farko. Ɗan ajinmu Jerry yakan ce, "Malam, mai shara ta sake share gida!" Har na gaya wa Mama zan daina zuwa.

Ba ka taɓa tilasta mini magana ba. Wata Asabar ka zo daga Girei da filashi, ɗan abin nan na ɗauko manhaja a sa wa kwamfuta, ka wuce kwamfutarka, ka fara da tawa. Ka ce, "Ɗiyata, sabon Python ya fito. Ya fi sauri, amma ba saurin na kawo miki ba. Yi kuskure mu gani." Na yi. Sai ga 'yan alamu kamar kan kibiya a ƙarƙashin daidai wurin da na ɓata. Ka ce, "To, nan kawai za ki gyara. Sauran mai kyau ne, bar abinki."

Ban sake gogewa ba, ban kuma daina zuwa ba.

Ba ka kai ga sauran kwamfutocin ba ciwo ya kwantar da kai. Bayan sadakar bakwai, matarka Adda Raudatu ta buɗe mana ɗakin, ta ajiye filashin a tebur, ta ce idan babu mai iya ci gaba, za a rufe. Sai na ce, "Na ga yadda ya yi." Jerry ya ce, "Kai, ashe tana da baki!" Sannan ya jawo mini kujera. Mun sa sabon Python ɗin a duka kwamfutocin, Malam. Ajinka yana nan.

Ina miƙa ta'aziyya ga Adda Raudatu da yara da dangi. Allah ya ba su haƙuri.

Malam, Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka. Ya shafe kurakuranka kawai, ya bar maka sauran.

Liyatu Zadok, Dubeli