Keken Lantarkin da Na Yi wa Baba Haya

Mahaifina ya ƙare ƙarfinsa wajen tura mutane. Yana saurayi ya zo daga Sudan, ya samu aikin tura arabiyya a Harami, wato keken nan da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a yi musu ɗawafi da sa'ayi. Mu iyalinsa muna Jidda, a Waziriyya, shi yana Makka, sai dai ya zo mana da ƙafafu a kumbure da ledar dabino a hannu. Da shanyewar ɓarin jiki ta same shi, ƙafar hagu ta koma sai ja. Hannun dama kuwa yana nan yadda yake, in ya kama naka a gaisuwa sai ka ce wayyo.

Likita ya ce a riƙa fita da shi. Ƙanena ya aro keken guragu, Baba ya dube shi sau ɗaya ya ce a fitar masa da shi daga ɗaki. Mutumin da duk unguwa ta sani da tura mutane ba zai yarda a gan shi ana tura shi ba. Daga nan ya daina zuwa masallaci, ya daina zama a ƙofar gida, abinci ma sai ya tsakura ya ture. Na yi lallashi, na yi faɗa, don ni bakina ba ya iya shiru, amma ko gezau. Tsoro nake ji, wallahi. Gani nake tsohon nan ya shiga ɗakin ne ba da niyyar sake fitowa ba.

Da hutun ƙaramar Sallah ya matso, 'yata ta kafe sai an kai ta malahi, filin wasannin nan na bakin teku, kuma ta ce ba ta zuwa sai da kakanta. A lokacin ne na ga keken lantarki a wani shagon kayan asibiti a Bagdadiyya, mai kujera da mariƙi irin na babur, ana ba da shi haya na kwanakin hutu. Mai shagon ya karɓi hoton iƙamata, wato katin izinin zamana a ƙasar, ya nuna mini wani ɗan harshen roba a ƙarƙashin mariƙin.

"Ki matse wannan, ya tafi. Ki saki, ya tsaya."

"Ina birkin?"

"Ma fi, babu birki. Sakin shi ne birkin."

Na sa ya maimaita, don abin bai kwanta mini ba. Ya nuna mini kuma wani maɓalli mai juyawa, gefe ɗaya hoton kunkuru, ɗaya gefen zomo. Ya ce in bar wa tsoho a kan kunkuru.

Baba ya daɗe yana kallon keken a tsakar gida. Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, ta ina ake tura shi?"

"Ba a tura shi, Baba. Ko wurin kamawa babu a baya. Kai za ka tuƙa kanka."

Ya leƙa bayan kujerar ya tabbatar. Sannan ya ce, "To, zan je. Amma sau ɗaya. In bai yi ba, kada ki sake kawo mini maganar fita har in koma ga Allah."

Na san shi. In ya faɗi magana ta zauna ke nan.

Washegarin Sallah bayan la'asar ƙanena ya ɗora keken a bayan motar ɗaukar kayan da yake aiki da ita, muka nufi arewa. Zafi da gumin teku, ga mutane kamar an juye su daga buhu. A bakin ƙofar filin na durƙusa zan nuna wa Baba yadda ake yi, ya ture hannuna.

"Ni za ki koya wa keke?"

"Baba, wannan daban ne. In kana so ka tsaya, saki za ka yi. Saki kawai."

"Na ji. Yalla, mu tafi."

Bai ji ba, na gani a fuskarsa. Amma ya matse robar, keken ya tafi a hankali, muka bi shi a baya ni da ƙanena da yarinyar. Can sai na ji ya ɗaga murya: "Ɗarik! Ɗarik, ya hajji!" Kiran da masu tura arabiyya suke yi ke nan a Harami don a ba su hanya. Mutane suka riƙa juyowa suna dariya suna darewa. Shi ma yana murmushi, ya gyara zaman hularsa. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin ciwon, sai da na kau da kai.

Muna kusa da masu sayar da masara ya lura da maɓallin.

"Wa ya ajiye ni a kan kunkuru?"

"Mai shagon ne ya ce..."

"Mai shagon ubana ne?"

Ya murɗa shi har zomo. Na ce Baba don girman Allah, ya ce in matsa in ba shi wuri. Na kai hannu zan mayar, ya doke shi kamar na yarinya ta taɓa tukunya. Ƙanena ya ce mini da Larabci in ƙyale shi, ya isa haka, kada in ɓata masa rana. Na ƙyale, amma na riƙa sauri ina bin gefensa abayata tana harɗe ni.

Hanyar ta gangara zuwa wurin jirgin ƙasan yara. Daidai lokacin jirgin ya tsaya, aka buɗe ƙofar shinge, yara suka ɓarko da gudu, ƙanana ƙanana cikin kayan Sallah, kai tsaye zuwa gabansa.

Mai tura arabiyya in yana so ya tsaya, damƙe mariƙi yake yi da dukan ƙarfinsa ya ja baya. A gangaren Safa da Marwa, wanda ya saki keke ya kashe alhajinsa. Abin da hannun Baba ya sani ke nan tun kafin a haife ni. Ya damƙe. Robar tana cikin damƙar. Keken ya zabura.

"Saki! Baba, saki!"

Ina! Ƙara damƙewa ya yi, ya jingina baya yana ja, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Na ruga ban kamo shi ba, babu ma abin kamawa. Wani ɗan yaro cikin farar jallabiya ya tsaya cak a tsakiyar hanya da alawa a hannu, yana kallon abin da ke zuwa. Uwarsa ta ƙwalla ƙara. Ni ban san me nake faɗi ba, salati ne ko ihu.

Baba ya karya mariƙin gaba ɗaya zuwa hagu, ɓangaren ƙafarsa marar lafiya. Keken ya daki shingen ƙarfe, ya ɗaga, ya kife da shi.

Kafin in isa an taru. Uban yaron, wani ɗan ƙasa mai jiki, ya zo yana zazzaga masifa da Larabci, wai wa ya ba tsoho irin wannan abu a cikin yara, wai a kira 'yan sanda. Masu gadi biyu suka iso da rediyo a hannu. Ƙanena ya yi fari fat, na san abin da yake tunani: motar kafilinsa ce a waje, wato ubangidansa na aiki, kuma ba a ba shi ita don yawon Sallah ba. Ni kuwa jinina ya hau, na miƙe zan rama, don ubana yana ƙasa goshinsa na jini wani yana maganar 'yan sanda.

"Uwata, rufe mini baki."

Daga ƙasa ya faɗa, da ƙyar. Na durƙusa. Hannun daman nan har yanzu a dunƙule yake.

"Na taɓa yaron?"

"Ba ka taɓa shi ba."

"Ki duba da kyau."

Na duba. Yaron yana jikin uwarsa, ko alawar ba ta faɗi ba. Na gaya masa, ya rufe ido ya ce alhamdu lillahi. Uban yaron ya dubi jinin, ya dubi shingen da ya lanƙwashe, muryarsa ta sauka. Ya tsuguna ya yi wa Baba sannu, ya ce, "Salamat, ya ammi," ya miƙo hankicinsa. Maganar 'yan sanda ta mutu a nan.

Ni tawa ba ta mutu ba. Sau ɗaya ya ce, ga kuma yadda sau ɗayan ya ƙare. Ina goge masa goshi ina ganin ɗakin nan da labulensa a sake.

Ɗaya daga cikin masu gadin ya dawo da keken guragu na filin, irin na turawa, ya ce a kai tsoho ƙofa. Na ce a raina yanzu za a yi ta, gara ya ja ciki da ya hau wannan a gaban jama'a. Baba ya dube shi. Ya kai hannu ya girgiza tayar, ya taɓa birkin, kamar mai duba kayan aiki. Sannan ya ce wa ƙanena, "Ɗaga ni."

Mai gadin ya kama mariƙin zai tura, Baba ya ɗaga hannu.

"La, ba kai ba. 'Yata."

Na zagaya baya. Na tattara ƙarfina na tura, don a kaina har yanzu ƙaton nan ne mai ɗaukar alhaji ya ɗora a keke shi kaɗai. Keken ya tafi fiu, saura kaɗan in kife. Babu nauyi. Ubana bai fi 'yata nauyi da wani abin kirki ba, kuma ban sani ba sai a lokacin.

Na nufi ƙofa. Mun ɗan yi tafiya ya ce, "Ina za ki kai ni?"

"Gida, Baba."

"Yarinyar nan ta hau jirgin?"

"Ba ta hau ba."

"To me muka zo yi? Juya."

Na juya keken da ƙarfi, ya ce ba haka ake juyawa ba, sai na zubar da alhaji, in danna ƙafa a baya tukuna in sassauta hannu. Na ce masa in ya fi ni iyawa ya sauko ya tura kansa. Ya yi dariya har da tari, ya ɗaga murya yana ce wa mutane su ba da hanya. Ni ina bayansa, bai ga hawayen da ke fuskata ba.